Hoton da ya riga mu isowa gida

Ƴan uwa matan asusu, na Maraɗi da Damagaram, na Tawa da Yamai, da duk inda wannan takarda ta iske ku. 

Mu uku ne daga haɗakar asusunmu muka tafi ƙasar Maroko bayan girbin da ya wuce, cikin ayarin mata 12 da furojen da ke tallafa mana ya ɗauka domin ziyarar ƙungiyoyin mata na can. Kwana 6 muka yi. Da yawanku kun riga kun ji labarin, sai dai ba daga bakinmu ba. Kun ji shi daga wani hoto da ya yi ta yawo a WhatsApp: mu uku zaune kan benci da dare, fitilu a samanmu, hayaƙi a bayanmu, maza na kai da kawowa, mu kuwa baki buɗe muna ta dariya. Kafin jirginmu ya sauka Yamai hoton ya zaga kartiye, har an ɗora masa magana, wai an kai mu koyon sana'a mun ɓige da yawon dare. Wasu suka ƙara gishiri, wai da kuɗin akwati muka yi. Wannan ta kuɗi ta mutu tun taron farko, domin masu makullai sun buɗe akwati gaban kowa, aka ƙirga, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Maganar daren ce ta ƙi mutuwa. To ga abin da ya faru, tun daga farko.

Da asuba muka bar Maraɗi a motar bas, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, muka isa Yamai da yamma jiki duk ya yi tsami. Jirgi ya tashi da mu cikin dare, awa uku da ɗoriya sai ga mu a Kazablanka. Hajiya, babbarmu, wadda ta taɓa zuwa Makka, ita ta riƙa nuna mana yadda ake ɗaura ɗamarar kujera tana yi mana kallon ƴan ƙauye. Ba a daɗe ba ita ma ta zama baƙauya, domin da aka kai mu bakin teku shiru ta yi, ta daɗe tana kallon ruwan nan da ba shi da tsallake, sannan ta ce, «Duk wannan, kuma ba a sha?» A nan bakin ruwan masallacin Sarki Hasan na biyu yake, wanda aka buɗe a 1993. Wani sashe nasa a kan teku aka gina shi, hasumiyarsa ta kai mita 200, kuma mata na da wurinsu a bene. Mun yi sallar azahar a ciki muna jin ƙarar ruwa. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa zuwa Marakesh, wajen awa uku, babu ramin hanya ko ɗaya da ya jijjiga mana baya.

Abinci ya fara ba mu wuya, ba za mu ɓoye ba. Mutanen nan burodi ne tuwonsu. Da safe burodi da man zaitun da shayi mai na'a-na'a, zaƙi kamar an narka alewa. Da rana burodi. Da dare burodi. Akwai wata tukunyar ƙasa da suke kira tajin, murfinta da tsini kamar jinkar rumbu, a kan ɗora ta kan garwashi a bar ta ta yi ta dahuwa a hankali, ruwa kaɗan take sha domin tururin na komawa ciki. Ranar farko da aka buɗe mana ita muka ga naman rago da busassun ƴaƴan itace masu zaƙi a kansa, har da riɗi. Nama da zaƙi! Muka kalli juna. Hajiya ta buɗe jaka ta fiddo ƙullin yajinta da ta taho da shi tun daga gida, ta barbaɗa, mu ma muka miƙa hannu. Sai ranar Juma'a muka ji mun iso gida, ranar da kowane gida ke yin kuskus: babban akushi, kabewa da karas da kabeji a sama, kowa ya kewaye ana ci tare. Ƙaramarmu ta ɗanɗana ta ce, «Ai wannan dambu ne ya yi arziki.» Aka fassara wa masu gidan, suka yi dariya suka ce sai mun koya musu namu.

Abin da ya kai mu shi ne ganin matan da ke yin man argan, a kan hanyar Marakesh zuwa Esawira. Argan itace ne mai ƙaya, mai jure fari, kuma wallahi da kun ga ƴaƴansa da yadda ake fasa ƙwallon sai ku ce aduwa ce. Mata zaune a ƙasa a jere, kowa da dutse biyu, suna fasawa suna hira, kamar mu ranar ɓarar gujiya. Ana bukatar kilo 2 ko fiye na ƙwayar kafin a samu lita guda. Wanda za a ci sai an soya ƙwayar, wanda za a shafa ɗanye ake matsewa. Tun shekarun 1990 suka fara haɗa kai ƙungiya-ƙungiya, yanzu man na cikin kwalabe masu takarda da suna da ranar da aka yi shi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa itacen rana, 10 ga watan Mayu. Mun tambaye su abin da mai fasa ƙwallo ke samu a wuni, amsar ba ta yi mana daɗi ba, domin mafi yawan ribar na tsayawa ne hannun masu saye su fitar waje. Wannan mun san irinta a man gujiyarmu. Za mu yi muku bayanin kwalabe da lissafinsu a wata fitowa, yau ba shi ne a gabanmu ba.

Daren da aka ɗauki hoton shi ne na huɗu. Mai yi mana jagora, wata ƴar garin mai kirki wadda ƙaramarmu ke fassara mana Faransancinta, ta ce yau ba za a ci abinci a otel ba, bayan isha'i za mu je dandalin Jama'al Fana. Hajiya ta ce, «Da dare? Mu?» Matar ta ce uwarta ma na zuwa, da jikokinta. Muka yi shawara tsakaninmu. Gaskiya akwai tsoro, akwai kuma son gani, kuma son ganin ne ya rinjaya. Muka ja mayafanmu muka bi ta, mu 12, hannu cikin hannu kamar ƴan lakwal.

Mun riga mun ratsa dandalin da rana a hanyarmu ta ganin masallacin Kutubiyya, wanda hasumiyarsa ta haura shekara 800 a tsaye. Da ranar fili ne kawai, sai masu matse lemu da masu wasa da maciji da biri. Da la'asar kuwa maza kan turo amalanken ƙarfe su kafa tebura da bencina da murhun gas, su ja wayar fitilu, kafin magariba an yi kasuwa sukutum. Da muka iso da daren ba mu gane wurin ba. Haske ko'ina kamar rana, hayaƙin gashi na tashi, ganguna ta kowace kusurwa. Kowace rumfa da lambarta a rubuce, masu girki da fararen riguna, kuɗin kowane abinci a rubuce, ba sai ka tambaya an duba fuskarka an yanka maka ba. Mutane kuma ba Turawa kaɗai ba ne kamar yadda muka zata. Ga magidanta da matansu, ga tsofaffi mata da sanda, ga jarirai a keke, ga ƴan mata da hijabi suna cin masara gasassa. Jagorarmu ta ce tun 2001 UNESCO ta sa dandalin cikin kayan gadon duniya, kuma ba don wani gini ba, don masu tatsuniya da makaɗa da ake kewayewa ana saurare.

A ɗaya daga cikin waɗannan da'irori muka daɗe. Makaɗa ne da ake kira Ginawa, da huluna masu wuri, suna kaɗa wata babbar garaya mai tsirkiya uku da wasu ƙarafa a hannu, sak sambani. Jikinmu ya yi sanyi. Aka ce mana kakanninsu daga ƙasashenmu na baƙar fata aka tsallako da su Sahara, da yawa a matsayin bayi, Bambara da Hausawa da sauransu, kuma har yau suna ambaton waɗannan kabilu a waƙoƙinsu. Mun kasa kunne ko za mu tsinci kalma guda, ƙarar ƙarafan ta hana. Amma kiɗan ba baƙo ba ne a kunnen wadda ta girma a ƙasar Katsina da Gobir. Hajiya, da ke cewa ba ta son kiɗa, ita ta fara jefa musu kuɗi.

Sannan muka zauna cin abinci. Aka kawo mana harira, wata miya mai kauri ta tumatir da irin wakensu, da dabino a gefe, ita suke buɗa baki da ita da azumi. Abincin talaka ne, kwano dirhami 10 muka biya, dirhami kuwa wajen dala 12 ne a kuɗinmu. Aka kawo kan rago dafaffe da gishiri da wani yaji nasu, wannan kam ba mu bar komai ba. Kusa da mu akwai mai sayar da dodon koɗi cikin romo, mutane na tsaye suna zaƙulo shi da tsinke. Muka ce a'uzubillahi. Ƙaramarmu ta ce ita sai ta ɗanɗana, don ta samu abin ba ƴaƴanta labari. Ta rufe ido ta haɗiye, fuskarta ta yamutse kamar ta sha maɗaci, muka fashe da dariya, a daidai nan wata cikin ayarinmu ta ɗauka da salula ta tura gida. Shi ke nan asalin hoton. Mazan da ke bayanmu masu kawo kwanoni ne.

Kada ku ce muna yi wa garin mutane kirari. Daren nan da nasa ƙura. Wata mai lalle ta cafke hannun mai rubuta muku wannan, kafin a ce mene ne ta zana fure, ta ce dirhami 200, wato jika 12. Lalle fa! A sayar wa Bahaushiya lalle jika 12! Da ƙyar jagorarmu ta raba mu a kan 50, kuma har yau abin na mana ciwo. Mun ga yara ƙanana na bin mutane da tallar hankici na takarda. Rumfunan gashi kusan duk na maza ne, mata sai gefe-gefe, da kwandon burodi ko alewa. Da mota ta bi da mu ta sabuwar unguwar da ake kira Geliz mun ga gidajen rawa da na giya, da ƴan mata a ƙofa da shigar da ba za mu kwatanta ba. Mun gani ta gilashi, ba mu sauka ba. A Kazablanka ma mun ga samari baƙaƙe irin ƴaƴanmu suna bara a bakin danja, suna jiran hanyar tsallakawa Turai. Wannan duka yana nan.

Amma abin da ya biyo mu gida ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Muna tafiya a ƙasa za mu koma wurin mota, wajen ƙarfe 11, Hajiya ta tambayi ƙarfe nawa ne yanzu a Maraɗi. Aka ce mata agogonmu ɗaya da nasu. Ta yi shiru, can ta ce, «To yanzu haka jikata na tasha da tiren dambu a kai.» Yarinyar shekararta 11. Babu wadda ta amsa mata, domin kowace cikinmu ta san inda tata take. Hajiya ta waiwaya ta nuna hasken dandalin ta ce, «Ku duba, nan mai jin yunwa shi ke zuwa wurin abinci. Mu kuwa abinci muke ɗora wa yarinya ta bi mai jin yunwa cikin duhu.»

Har muka iso gida maganar nan na ci mana rai, sai kuma muka tarar da maganar hoto. Maigidan ɗayarmu kwana uku bai ci tuwonta ba. A taron asusu wata dattijuwa da muke girmamawa ta miƙe ta ce, «Ku gaya muna, mi kunka je nema waje cikin dare, ku da kuke da aure da jikoki?» Ba mu yi fushi ba, tambaya ce da ta cancanci amsa. Muka ba da labarin kamar yadda muka ba ku. Sannan muka ce, Inna, mu ma muna da tambaya: duk wadda ɗiyarta ko jikarta ke fita talla bayan magariba ta ɗaga hannu. Da farko ba wadda ta motsa. Hajiya ta ɗaga nata, mu biyu muka ɗaga namu, sannu a hankali sai ga fiye da rabin taron hannu a sama, har da Inna.

Ƴan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya, tunda takardar nan tamu ce. Mata 12 manya, tare, ƙarƙashin fitila, gari ya ɗauka. Ƴar shekara 10 ita kaɗai tsakanin kamiyoyi a tasha, inda wuta kan ɗauke a kowane lokaci, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonta ya ce a zo a gani, domin ido ya saba. Mun san abin da ke faruwa a can. Mun san mai sayen da ke cewa ta biyo shi bayan shago ta karɓi canji. Mun san yarinyar da ke barci a aji da safe har malam ya gaji ya daina tada ta, shekara ta zagayo a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, a cire ta a yi mata aure. Kuma mun san dalilin da ya sa muke tura su. Ba mugunta ba ce. Bashin da muke ɗauka a akwati mu sayi gero da mai da zogale, da kuɗin tallar nan muke biyansa, da shi muke zubin mako, da shi muke tara kayan ɗakin ita yarinyar. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi muna alfahari da cewa mun tsaya da ƙafafunmu, kuma gaskiya ne. Sai dai wani sashe na abin da ke cikin akwatin nan a kan ɗiyanmu ya iso.

Da muka faɗi haka taron ya rikice, kowa na magana. Wata ta ce, «Ku da kunka hau jirgi kuna iya faɗin haka, ni in ɗiyata ba ta fita ba mi za mu ci?» Tana da gaskiya. Wata ta ce ita mijinta ba ya barin ta ko ƙofar gida da rana, balle da dare. Ita ma tana da gaskiya. Wata ta ce direbobi da ƴan kabu-kabu ba za su baro tasha su zo neman kopto ba, ciniki zai faɗi. Wannan ita ce ta fi ba mu tsoro, domin ba mu da tabbacin cewa ƙarya ce.

Sai da muka yi zama uku kafin mu tsaida magana. Ba Jama'al Fana za mu gina ba, ba mu da Turawa masu zuwa kallo, ba mu da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da muka ɗauko kaɗan ne: wuri guda tsayayye, haske, benci, da kuɗi a rubuce. Mai unguwa ya ba mu gefen fili a bakin titin da ke zuwa tasha, kusa da mai shayi, inda mutane ba sa yankewa, kuma mun kai takarda ma'aikatar magajin gari. Mun ɗauki jika 60 a akwati da sunan mata 9 da suka yarda su shiga, bashi ne kamar na kowa, da ribarsa da wa'adinsa. Da shi muka sayi fitilu biyu masu cajin rana, tebur, benci uku da bokitin wanke hannu. Waɗanda mazansu ba su yarda su fita ba za su yi girki a gida, a zo a ɗauka kafin magariba, kowace roba da sunan mai ita. Masu zama a wurin mu ne manya da zawarawa, huɗu-huɗu kowane dare, daga magariba zuwa ƙarfe 10, kuma mai zama na da kasonta a cikin abin da ta sayar wa wata. Sharaɗi guda muka sa, kuma a kansa aka fi jan magana: wadda ta shiga, ɗiyarta ta aje tire da dare. In ta zo wurin, ta zo da littafinta ta zauna kusa da mu, fitilar ta ishe mu duka.

Sauran ba su shiga ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, sun ce sai sun ga wata guda tukuna. Maigidan nan da ya yi fushi ya koma cin tuwo, amma ya ce matarsa ba za ta zauna bakin titi ba ko da me, don haka ita tana cikin masu girki a gida. Inna kuwa, wadda ta yi mana tambayar, ita ta ce a sa ta daren farko, wai tana so ta ga wanda zai ɗauki hotonta.

Allon kuɗin mu muka rubuta shi da hannunmu, da abin da muka koya a ajin yaƙi da jahilci, sau biyu muna gogewa saboda layin ya karkace. Kopto dala 20, dambu dala 30, ɗanwake dala 30, fura dala 20. Ƙaramarmu ta so a ƙara shayin na'a-na'a irin na can, muka ce kada mu shiga gonar mai shayi tun ranar farko. Ranar Laraba mai zuwa za mu kunna fitila in Allah ya kai mu. Ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa, in akwai asusun da ya taɓa gwada irin wannan, ko ya ci ko ya faɗi, ku aiko mana ta hannun mai kawo takarda, musamman yadda kuka yi da ragowar abincin da bai ƙare ba, domin wannan har yanzu ba mu daidaita a kansa ba.